Wata Bakwai Bayan Tiyatar Zuciya: Nazarin Jinyar Wani Magidanci a Gida

Ranar da na fara shiga gidan, kwana 4 da sallamarsa daga asibiti, na tarar da shi zaune a bakin gado ya rungume matashi a ƙirjinsa, matarsa kuma tana durƙushe tana sanya masa silifa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Ita ce ta ɗago kai ta dube ni, a idonta kuwa na gane cewa sauƙin nan bai wuce fatar baki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ke bin marasa lafiya gida bayan an sallame su, kuma na bi wannan lamari tsawon wata 7. Na rubuta shi ba tare da sunan kowa ba, saboda abin da ya fi wahalar da waɗannan ma'aurata shi ne abin da ke wahalar da mutane da yawa: rarrabe jinkirin da ke buƙatar haƙuri da alamar da ke buƙatar a koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Yadda aka kai ga nan

Shekarunsa 58, ita kuma 49, sun yi shekara 27 da aure. Ya daɗe yana fama da ciwon suga da hawan jini, har ta kai idan ya hau bene sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Hoton da aka ɗauka ya nuna cewa jijiyoyi uku daga cikin masu kai wa tsokar zuciya jini sun tsuke sosai, don haka likitoci suka yanke shawarar a yi masa tiyatar kewaye, wato a tsaga ƙashin ƙirji daga sama zuwa ƙasa, a ciro jijiya daga ƙafa da wata daga cikin ƙirjin, a dasa su yadda jini zai bi ta cikinsu ya tsallake wurin da ya toshe. Aikin ba baƙo ba ne, domin tun shekarar 1967 likita René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, ya fara yin sa da jijiyar ƙafa a asibitin Cleveland da ke Amurka, kuma a yau wanda abin ya zo masa da sauƙi yakan bar asibiti cikin mako guda ko kusa da haka.

Shi nasa bai zo da sauƙi ba. A kwana na 3 ciwon huhu ya kama shi, aka mayar da shi kan na'urar taimakon numfashi har kwana 6. A jimlace ya yi kwana 9 a ɗakin kulawa ta musamman, kwana 19 a asibiti, ya kuma dawo gida ya rage kilo 8.

Wannan ramar ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya, kuma ita ce iyalin ba su samu wanda ya yi musu bayaninta ba. Abin da mutum yake asara idan ya kwanta cikin ciwo mai tsanani ba kitse kaɗai ba ne, tsoka ce ke zubewa, kuma cikin gaggawa take zubewa. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2013 kan marasa lafiya a ɗakunan kulawa ta musamman a Ingila ya nuna cewa kaurin wata tsokar cinya ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal. Abin da ya tafi cikin kwanaki kuwa, watanni yake ɗauka kafin ya dawo. Tun a shekarar 2010 masana wannan fanni suka yi wa matsalar suna guda, suka haɗa raunin jiki da raunin tunani da damuwar zuci da ke bin wanda ya fito daga irin wannan ɗaki, suka kuma yarda cewa iyalinsa ma sukan kwashi nasu rabon. Saboda haka abu biyu wannan bawan Allah yake warkewa daga gare su a lokaci guda, tiyatar da kuma kwanciyar da ta biyo bayanta, alhali takardar sallamarsa ta tiyatar kaɗai ta yi magana.

Makonnin farko

Takardar ta faɗi gaskiya a kan ƙashin ƙirji. Da wayoyin ƙarfe ake ɗaure shi bayan aiki, yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani lokaci har mako 12, musamman ga mai ciwon suga. A tsawon wannan lokaci ba a so ya ɗaga abin da ya kai kilo 5, ko ya dafa hannuwa ya tura jikinsa idan zai miƙe, ko ya tuƙa mota, sannan idan tari ko atishawa ta zo sai ya rungume matashi don ya tallafi ƙashin. Matar ta karanta wannan duka, ta haddace shi, amma tsoro ya sa ta fassara shi da cewa kada ya yi komai sam. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke goge masa jiki a kan gado, har ma ta ajiye masa bo a gefe don kada ya taka zuwa banɗaki. Kwana 4 ke nan bai yi tafiyar da ta wuce tsawon gadon ba.

Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Mace ce da ta tsaya a bayan gilashi ta kalli mijinta da bututu a maƙogwaro, aka kuma taɓa ce mata ta kira 'yan'uwa. Duk da haka sai da na faɗa mata abin da ba ta so ji ba, cewa kowace rana da ya wuni a kwance tana ƙara cin tsokar da ta rage, tana hana ƙasan huhunsa buɗewa, tana kuma ƙara haɗarin jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ta ce, “Sista, idan ya faɗi fa? Idan ɗinkin ya buɗe, wa zan kira cikin dare?” Tambayar ta dace, don haka da aiki na amsa ta. Na koya masa yadda zai mirgina gefe, ya sauke ƙafafu, ya zauna na ɗan lokaci har jiri ya lafa, domin maganin da ke rage gudun zuciya da na hawan jini sukan sa mutum ganin duhu idan ya miƙe da sauri, sannan ya tashi da ƙarfin cinyoyinsa, hannuwansa a rungume da matashin. Ita kuma na tsayar da ita a gefensa, ba a gabansa tana jan hannunsa ba. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki taku 11 ne. Da ya isa ya jingina da bango yana haki, gumi na bin goshinsa, ya ce mata, “Ashe da nisa.”

A ranar muka buɗe littafi. Kowace safiya, bayan ya yi fitsari kuma kafin ya ci komai, zai hau sikeli ta rubuta nauyinsa, sai zafin jiki, da awon suga, da na hawan jini, da yawan tafiyar da ya yi, da yadda ɗinkin ƙirji da na ƙafa suke. A shafin farko na rubuta mata abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: ciwon ƙirji irin na da, numfashi na tsukewa yana zaune, bugun zuciya mai sauri ko mara tsari, suma, karkacewar baki ko mutuwar sashen jiki. A ƙasa na jera waɗanda za ta kira likita a ranar: zafin jiki da ya haura digiri 38, ja ko mugunya a ɗinki, jin ƙashin ƙirji yana motsi ko yana ƙas-ƙas, da ƙarin nauyi da ya kai kilo 1 a rana guda ko kilo 2 cikin 'yan kwanaki. Abin da ba ya cikin jerin nan, kamar rashin son abinci, da canjin ɗanɗano, da wuyar barci, da kumburin ƙafar da aka ciri jijiya, na ce mata yana cikin tafiyar, ta rubuta shi mu duba tare.

Mako na uku

Littafin ya nuna amfaninsa a mako na uku. Cikin kwana 3 nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 da ɗoriya, 'yan'uwan da suka zo dubiya kuwa murna suka yi, suna cewa jiki ya fara dawowa. Matar ce ta lura cewa abincin da yake ci bai kai ya sa ƙiba ba, cewa yanzu ƙafafun biyu ne suka kumbura, ba wadda aka yanka kaɗai ba, kuma cewa da daddare ya daina yarda ya kwanta flat sai ta tara masa matasai uku. Da ta danna yatsa a ƙwaurinsa sai wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Shi ya nace cewa ba komai, a bari sai ranar ganin likita da saura kwana 9. Ta ce masa, “Malam, ka yi haƙuri, yau ba zan bi maganarka ba,” ta kira ni, na ce su tafi nan take. Hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru a gefen huhun hagu, abin da yakan faru bayan irin wannan aiki. An ƙara masa maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, aka riƙe shi kwana 2, aka kuma ja kunnensu a kan gishiri.

Na daɗe ina tunanin wannan mako, domin mace ɗaya ce ta yi kuskure a farko ta kuma yi daidai a nan, kuma tsoro ɗaya ne ya motsa ta duka biyun. Bambancin shi ne a karo na biyu tana da lambobi a hannunta da za ta kafa hujja da su, ko a gaban mijin da ta saba bin ra'ayinsa shekara 27.

Shirun da ya biyo baya

Daga mako na 5 zuwa na 9 ne jinyar ta fi nauyi, kodayake a ido babu abin tashin hankali. Ɗinkin ƙirji ya kame, na ƙafa ne ya tsaya yana ɗan ruwa a kusa da idon sawu saboda sugan da ke hawa da sauka, tafiyarsa kuma ta kai minti 10 sau biyu a rana. Amma mutumin ya yi shiru. Ya daina tambayar labarai, ya daina ɗaukar waya, idan ya buɗe littafi sai ya karanta layi ɗaya sau uku ya rufe. Ranar da ya kasa tuna lambar wayarsa ta kansa ya yi wa matar tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya juya fuska bango. Masu dubiya sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma “ya jiki” suke cewa, ya ce “da sauƙi”, su ce Allah ya ƙara sauƙi, a tashi. Gaisuwa ce mai kyau, sai dai ba ta barin ƙofar da mutum zai ce yau na fi jiya jin jiki, kuma na fara tsoron ba zan koma yadda nake ba.

Akwai kuma rana mai kyau da rana mara kyau, wadda ita ce ta fi karya masa gwiwa. Idan ya tashi da ƙarfi sai ya ninka tafiya don ya rama, washegari ya kasa ɗaga kai, sai ya ɗauka cewa ciwon ne ya dawo. Na zaunar da su na buɗe littafin, muka daina kwatanta yau da jiya, muka koma kwatanta wannan Litinin da Litinin ɗin makonni biyu baya. A haka ci gaban ya fito fili, daga taku 11 zuwa minti 4, zuwa minti 10. Muka kuma yi ƙa'ida cewa zai yi tafiya da saurin da zai iya magana yana yi, kuma ko ya ji ƙarfi ba zai ƙara fiye da minti 1 ko 2 a kan na jiya ba.

Maganar dare ce ta fi wuyar fitowa. Wata rana da ta fita kawo ruwa ya rage murya ya ce mini yana mafarkin an ɗaure shi a cikin jirgin ruwa, wasu mutane masu rufaffiyar fuska suna shawarar kashe shi, kuma wani sashe na zuciyarsa bai yarda cewa mafarki ba ne. Na faɗa masa cewa ruɗewa abu ne sananne ga wanda ya daɗe kan na'urar numfashi, cewa zazzaɓi da magungunan sa barci da rashin bambance dare da rana sukan sa ƙwaƙwalwa ta ɗinka labari daga guntayen abin da take ji, kuma hannuwansa da gaske an taɓa ɗaure su don kada ya fizge bututun. A wasu asibitoci, musamman na arewacin Turai, ma'aikata da dangi sukan rubuta wa mara lafiya kundin abin da ya faru kowace rana don ya karanta idan ya farfaɗo. Shi ba a yi masa ba, amma matarsa ta riƙe kwanakin nan 9 a kanta tsaf. Cikin dare uku ta ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ya zo, me likita ya ce, yaushe ya fara matse yatsanta. Mafarkin bai ɗauke nan da nan ba, amma ya daina ɓoye shi.

Da baƙin cikin ya wuce mako 2 a jere, tare da rashin sha'awar komai da farkawa tun tsakar dare, na rubuta wa likitansa. Ciwon damuwa ya zama ruwan dare bayan tiyatar zuciya, kuma ba abin rainawa ba ne, domin mai fama da shi yakan yi sakaci da magani da motsa jiki. An haɗa shi da mai ba da shawara, an kuma sake duba adadin maganin rage gudun zuciya, wanda shi ma yana iya ƙara kasala.

Ita kuma fa?

A nan ne na yi nawa kuskuren, domin sai a mako na 6 na dube ta da idon aiki. Kalmar jinya a Hausa tana ɗaukar mutum biyu, wanda ke kwance da wanda ke zaune a gefensa, kuma a gidan nan kalmar ta cika ma'anarta. Ta shaida mini cewa tun da suka dawo ba ta taɓa yin barcin awa 4 a jere ba, cewa takan farka ta ɗora tafin hannu a bayansa don ta tabbatar yana numfashi, kuma ƙarar tukunya idan ta yi kama da ta na'urar asibiti sai gabanta ya faɗi. Da na ɗaura mata abin awon hawan jini sai ya nuna 158 bisa 96. Ta yi kuka, ta ce abin da ya fi damunta shi ne wani lokaci takan ji haushinsa, sannan ta ji kunyar jin haushin mutumin da ta roƙi Allah ya bar mata.

Na ce mata gajiya ce ke magana, kuma ban taɓa ganin mai jinyar da ta daɗe ba ta ji haka ba. Muka kira babban ɗansu da ƙanwarta, kuma maimakon “ku riƙa taimakawa” sai muka raba aiki da suna da rana: dare biyu a mako ɗan zai kwana a ɗakin, ita ta koma wani ɗaki ta rufe ƙofa, ƙanwar kuma ta ɗauki karɓo magani da kai shi asibiti. Ita ma ta ga likita a kan hawan jininta. Abu mafi wuya shi ne mayar wa mijin ayyukansa. Ya fara da wanka a zaune, sai jera magungunansa na mako da kansa, wato asfirin da maganin rage kitse a jini da sauransu, sai rubuta awonsa a littafin. Ta ce ranar da ta ga yana kokawa da maɓallin riga sai da ta zauna a kan hannuwanta don kada ta miƙa.

Daga wata na uku

A mako na 10 likita ya tabbatar ƙashin ya haɗe, aka sa shi a shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, inda ake motsa jiki sau uku a mako ƙarƙashin kulawa, ana lura da bugun zuciya, har tsawon mako 12. A gwajin tafiyar minti 6 da aka yi masa ranar farko ya ci mita 230, a ƙarshen shirin kuma mita 410. Zama da wasu masu irin tabonsa ya yi masa amfanin da ban iya yi masa ba, ita kuma waɗannan awannin suka zama nata.

Akwai tambayar da suka yi ta zagayawa har sai da na buɗe ta da kaina, wato komawa ga kusantar juna irin ta ma'aurata. Kowannensu yana tsoron abin zai cutar da zuciyar, kowanne kuma ya ɗauka ɗayan ne ya ja baya. Shawarar da likitoci suka saba bayarwa ita ce bayan ƙashin ya haɗe, wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko tsananin haki ba yawanci babu laifi, a guji dai ɗora nauyi a ƙirji. Na kuma gargaɗe shi da kada ya kusanci magungunan ƙarin ƙarfin maza ba da sanin likita ba, domin haɗa su da maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe yana iya faɗar da hawan jini zuwa matakin haɗari.

A wata na 7 ya dawo da kilo 5 daga cikin 8 da ya rasa, ya koma aiki na rabin yini, yana tafiyar minti 35 kusan kullum. Bai koma yadda yake a da ba. Gefen hagu na ƙirjinsa har yanzu a sandare yake idan an taɓa, ƙafar da aka ciri jijiya tana kumbura da yamma sai ya ɗora ta a kan matashi, gajiya tana kama shi bayan la'asar, kuma lissafin da yake yi da ka a da, yanzu sai ya rubuta. Matar tana barci awa 6, kodayake ta ce hannunta bai daina neman bayansa cikin dare ba.

A ziyarata ta ƙarshe shi ya buɗe mini ƙofa. Na ce ya jiki, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce jiya bai ji daɗi ba amma makon gaba ɗaya ya fi wanda ya wuce. Littafin, wanda yanzu shi ne na uku, yana kan tebur da rubutunsa a ciki, kuma a shafin ƙarshe matar ta rubuta tambayoyi biyu da za su kai wa likitan zuciya a ganin da za su yi nan da mako 5: ko za a rage maganin fitar da ruwa, da kuma ko zai iya yin doguwar tafiya a mota.